Yazawar Birazil a Fakon Iliyasu

A Basirka in ka tambayi gidan Zulkifli sai a tsaya ana kallon-kallo, wannan ya ce wanne, wancan ya ce ko ƙanin mai nama. Amma ka ce Birazil, ko akuyar tasha ta san rumfar da yake faci. Nan za ka same shi zaune a kan tsohuwar taya, ƙafar hagu a miƙe saboda gwiwar ta daina lanƙwasuwa sosai, yana neman inda iska ke fita a tayar wani ɗan acaɓa. Mutum ne mai fara'a wurin ciniki, mai saurin hawa in aka taɓo ƙwallo. Akwai hanya ɗaya a garin da ba ya bi, wadda ta ratsa ta gefen Fakon Iliyasu. Gara ya zagaya ta bayan makaranta da ɗingishinsa da ya ga abin da filin nan ya zama.

Fakon kuwa fako ne na gaske tun asali, jar ƙasa mai tauri a gabashin gari, ruwa na sauka a kanta ya wuce ko waiwaye babu. Gadon Baba Iliyasu ne, wani dattijon manomi mai gonaki ta ko'ina, kuma tun zamanin mahaifinsa aka bar wa samari wurin aro su riƙa buga ƙwallo, tunda ko tafasa ba ta fitowa. Aro yana da ladabinsa. Kowace damina samarin kan yi wa gidan gayyar noma wuni guda, bayan kaka kuma manyansu su je da goro su tsuguna su ce ga su nan a filin Baba bana ma, shi kuma ya ce Allah ya tsare ƙafafu. Ba goron ake so ba, tsugunon ake so, don kowa ya ji da kunnensa ƙasar ta wane ce. Sai wata doka da ba a faɗa, saboda an ɗauka da ita ake haihuwar kowa: ba a dasa bishiya a ƙasar aro. Hatsi kaka ɗaya yake yi a girbe shi, bishiya kuwa ta fi mai ita daɗewa, gobe jika zai tashi ya ce kakansa ya dasa, kuma ba zai rasa mai ba shi shaida ba.

A wannan fakon Zulkifli ya koyi ƙwallo, ba takalmi, da ƙwallon leda da tsumma kafin a sami ta roba. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, uwarsa Inna Kulu ce ta raine shi da sana'ar ƙuli-ƙuli, ta kuma gaji da ɗaure masa yatsun ƙafa har ta daina faɗa. Yaron ya iya yanka. Sai ya yanke mutum, ya tsaya ya jira shi ya dawo, ya sake yanke shi, don rashin kunya kawai. Wani malamin firamare da ya kalli gasar duniya a Gwaram ya dawo ya ce wannan ai irin wasan mutanen Birazil ne, daga nan sunan ya bi shi. Wanda ya fi kowa shan wahalarsa shi ne Sada, ɗan Baba Iliyasu, wanda ke tsaron raga don filin ubansa ne, ba don ya iya ba. Sau da yawa Birazil ya zura masa ƙwallo ta tsakanin ƙafafu aka kwashe da dariya, Sada ma ya yi dariyar, amma ta baki.

Bai gama zama saurayi ba aka ɗauke shi Birnin Kudu bayan wata gasar makarantu. Wato ya bar gari tun bai kai shiga sahun masu kai goro ba. Abin da ya sani game da ranar gayya shi ne ranar shan fura har ciki ya yi tauri. Daga Birnin Kudu sai Kano, daga Kano sai Damagaram, daga can wani dillalin 'yan wasa ya kai shi Sudan, har dai ya ƙare a wani ƙaramin kulob a ƙasar Oman. Bai zama tauraron da ake nunawa a gidan kallo ba, amma a Basirka ba a buƙatar haka. Ya aiko da jesi, ya aiko da ƙwallaye da takalma, ya yi wa Inna Kulu ɗakin bulo, ya auri Khairiyya 'yar wani mai kanti a Birnin Kudu. A shekarun nan duk garin danginsa ne. Mutanen da suka kore shi daga inuwar ƙofar gidansu yana yaro su ne suka riƙa rantsuwa a kasuwa cewa a hannunsu ya tashi.

A Oman ne mai sunan Birazil ya gamu da ɗan Birazil na gaske. Janildo sunansa, ɗan wasan tsakiya ne da furfura ta fara leƙo masa a gemu, kuma ɗaki ɗaya aka ba su. Zulkifli ya zaci zai ga mai rawa da ƙwallo, sai ya ga mutum mai shiru da ke tsoma ƙafafu a ruwan ƙanƙara kullum bayan atisaye. Da ɗan Larabci da ɗan Turanci da nuni da hannu suka fahimci juna. Janildo ya bar gida tun yana ɗan shekara sha takwas. An sayar da shi Fotugal, aka sake sayar da shi wata ƙasa mai sanyin da ke fasa leɓe, daga can Tailan, daga can wata da wata, kowane kulob ya fi na baya ƙanƙanta. A ƙasarsu ba wanda ya san sunansa ban da mutanen ƙauyensu. Ya ce irinsa dubbai ne, sun watsu a duniya suna ci-rani da ƙafa, kuma ana ɗaukarsu ne don a rubuta a takarda cewa kulob yana da ɗan Birazil.

Mutumin yana da wata ɗabi'a. A barandar ɗakin ya jera gwangwanayen fenti cike da ƙasa, a ciki yana renon yazawa, irin da ya ɗebo daga gonar ubansa. Ya ce duk ƙasar da ya buga ƙwallo, in dai akwai rana, sai ya dasa ya bari, kuma bai taɓa daɗewa a wuri har ya ga 'ya'yan ko ɗaya ba. Da Zulkifli ya nuna masa hoton fakon garinsu a waya, ya daɗe yana kallo, ya ce ƙasarsu sak, har jan ƙasar. Ya ce a filin da ya koyi ƙwallo akwai yazawa jere a gefe, yara su buga su gaji su zauna a inuwa su sha. Ana cikin kakar wasa aka kira Janildo ana cin abincin rana aka ce masa ya tattara, an samo wani ɗan ƙasarsu mai ƙananan shekaru. Ya haɗa jakarsa, ya juye wa Zulkifli ragowar irin a tafin hannu, ya ce shi Zulkifli yana da garin komawa, ya je ya ga 'ya'yan a madadinsa.

Shekara ba ta zagayo ba wani ɗan baya ya faɗo wa Zulkifli a gwiwa. Aka yi aiki, aka sake, ƙafa ta ƙi. Kulob ɗin ya sallame shi da murmushi da tikitin jirgi, irin sallamar da aka yi wa Janildo.

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Garin da ke dangin Birazil ya zo sannu da zuwa mako guda, ya leƙa jakunkuna ya ga ba nauyi, ya watse. A majalisa aka fara cewa ya tafi da ƙafa biyu ya dawo da ɗaya da rabi. Wani ya ce ƙwallo ai sana'ar banza ce, yana faɗa yana sanye da jesin da Birazil ya aiko. Duk yana ji, yana haɗiyewa, zuciya na tafasa. Ya buɗe rumfar faci a tasha don a ci abinci, sauran ransa kuma ya zuba shi a fakon nan. Ya tarar ruwa ya yanke filin gida biyu da kwazazzabo, yara na buga ƙwallo a rabi. Ya tarar kuma an daina gayya, an daina kai goro, manyan samarin sun tafi Legas da Abuja, na bayansu ba su ma san an taɓa yi ba. Bai ɗauki wannan a bakin komai ba, abin da ya gani rami ne da duwatsu.

Ya tara samari ya kafa kulob, ya zama kocinsu. Da baro da buhuna suka cike kwazazzabon, suka jera duwatsu a inda ruwa ke gangarowa don ya tsaya ya shiga ƙasa. Ya roƙi wani makiyayi ya riƙa kwana da shanunsa a filin da rani, ya kwaso juji daga bayan gari amalanke bayan amalanke, don yana son ya ga ciyawa a filin garinsu ko sau ɗaya kafin ya mutu. Damina ta biyu ciyawa ta fito, kore shar, mutane na zuwa kallo. Samari daga Kwandiko da Farin Dutse suka riƙa hawo babur su zo wasa. A daminar ne ya fito da yazawar Janildo, wadda ya rena a gwangwanaye a bayan ɗakin Khairiyya, ya dasa ta jere a gefen yamma inda rana ke dukan 'yan kallo.

A nan ne abin haushin yake. Bai dasa a ɓoye ba. Da rana tsaka ya yi rami, kowa na wucewa gona da fartanya a kafaɗa, kuma duk wanda ya wuce ya san abin da ake yi wa ƙasar aro. Rani bayan rani yana jan jarkokin ruwa a kura da gurguwar ƙafarsa yana ba shukar, yana kewaye ta da ƙaya saboda awaki. Me suka ce masa? Sannu da aiki, Birazil. Allah ya ba da lada, Birazil. Ba a sami namiji ɗaya a garin nan da zai tsaya ya ce kai, ba a yin haka, je ka ga mai ƙasa. Sai su wuce shi su zarce zauren Baba Iliyasu, wanda ciwon ƙafa da raunin ido suka zaunar a gida, su rage murya su ce ɗan Kulu fa yana kafa iyaka. Kowa na jiran ya ga yadda za ta kaya, don rigimar da ba taka ba daɗin kallo gare ta.

Inna Kulu kaɗai ta taɓa maganar, ita ma ta gefe, yadda tsofaffi ke yi. Ta tambaye shi ko Iliyasu ya san da itatuwan nan. Ya ce ai so yake ya ba tsohon mamaki, sai sun yi 'ya'ya ya kai masa na fari da hannunsa. Ta ce gara dai ya je tun yanzu. Ya ce to, irin to ɗin da ake ce wa uwa, bai je ba. A ganinsa wa ke neman izini kafin ya yi alheri? Inna Kulu ta rasu a kakar da ta biyo baya, maganar ta tafi da ita. Khairiyya kuwa 'yar kanti ce, abin da ta sani game da gona bai wuce ganinta ta tagar mota ba.

A bazarar da yazawar ta fara 'ya'ya, ja da rawaya, ƙamshi har bakin hanya, Zulkifli ya ɗauki hoto ya tura wa Janildo, wanda a lokacin yake buga wa wani kulob a can gabashin duniya da ko filin kansa ba shi da shi. Janildo ya aiko da saƙon murya, rabinsa yarensu, rabinsa kuka. Ya ce shekara kusan ashirin yana dasawa, yau ya ga ɗan bishiyarsa. Zulkifli ya saurari saƙon ya fi a ƙirga. Ranar Juma'a ya tsinko masu kyau ya cika faranti, Khairiyya ta rufe da sabon faifai, ya sa farar riga ya nufi zauren Baba Iliyasu bayan an sauko daga masallaci, lokacin da zauren yake cike.

Ya yi sallama ya gaida jama'a. Gwiwar ba ta barinsa tsugunawa, sai ya ɗan rusuna ya ajiye farantin a gaban tsohon. Baba Iliyasu ya lalubo guda ya shinshina, ya daɗe yana juya ta a hannu.

"Daga ina wannan?"

"Daga fili, Baba. Na fari ne, na ce sai ka fara sha."

"Bishiyar wa?"

"Tawa ce, Baba. Da hannuna na dasa, kowa ya gani."

Sada, wanda yanzu shi ke riƙe da gonakin gidan, ya kalli mutanen ɗaya bayan ɗaya don su san sun ji. Tsohon ya mayar da yazawar cikin farantin, ya jawo faifan ya rufe.

"Ɗan Kulu, ka ɗauki kayanka. Ubana ya ba da aron wurin wasa, bai ba da wurin kafa gida ba. An daina gaishe ni a kan ƙasata, na yi shiru. Yanzu kuma an kawo mini 'ya'yanta kyauta."

Zulkifli ya fito da faranti a hannu, bai ma gane laifinsa ba sai da mai unguwa ya kira shi da la'asar ya warware masa zare da abawa. Washegari aka zauna a ƙofar mai unguwar, da liman da dattawa da Sada. Maganar ba ta yi nisa ba a lokacin. Abin da ake nema shi ne ya ce ya yi kuskure, bishiyoyin na Baba Iliyasu ne kamar yadda ƙasar take tasa, a dawo da goro da gayya, shi ke nan. Ya ma buɗe baki zai faɗa. Sai Sada ya ce dama wanda ya ƙare a waje dole ya dawo gida neman abin kamawa. Wasu suka yi ƙasa da kai suna murmushi, kuma Zulkifli ya gane fuskokin. Su ne masu sannu da aiki.

Zuciya mugun nama. Ya miƙe tsaye a gaban dattawa ya zazzage duk abin da ya haɗiye tun dawowarsa. Ya ce munafukai ne, sun gan shi yana jan ruwa kamar jaki ba wanda ya buɗe baki. Ya ce sun ci jesinsa sun ci takalmansa, yau suna masa dariya. Da a nan ya tsaya da da sauƙi, don gaskiya ya faɗa. Sai ya juya ga Sada.

"Wane fili ma ake magana? Fakon da ko akuya ba ta kiwo? Matacce na same shi, ni na raya shi!"

Liman ya runtse ido. Duk wanda ya taɓa zama gaban malami a wurin ya san karatun da ake yi a kan wanda ya raya matacciyar ƙasa, cewa ta zama tasa, da yadda masu son ƙwace gona ke jawo shi. Zulkifli bai nufi haka ba, ko a mafarki bai taɓa son taƙi ɗaya na ƙasar Iliyasu ba, amma magana zarar bunu ce. Sada ya kakkaɓe rigarsa ya ce jama'a sun ji, ya tafi.

Aka hana wasa a filin. Samarin suka riƙa taruwa a rumfar faci da yamma, ƙwallo a hammata, suna kallon kocinsu, kallon ya fi zagi ciwo. Mai unguwa ya yi ta kai-kawo har ya samo mafita: yanzu bar wa tsohon bishiyoyin kyauta ba zai wadatar ba, tunda an riga an yi iƙirari a gaban shaidu, sai dai wanda ya dasa ya sare da hannunsa, ya je ya ba da haƙuri, a bar yara su koma wasansu. Ya ce ya gaya wa Baba Iliyasu, tsohon ya ce in an yi haka za a duba.

Zulkifli ya kwana biyu ba ya cin abincin kirki. Khairiyya ta ce masa ita ba ta san dokar gona ba, amma ta san don yara ya dasa, ba don kansa ba, inuwa kuma ba ta da amfani in ba mai gudu a rana. Ya yi mata tsawa, sannan ya je ya aro gatari. Da hantsi ya yi saran, da gangan, don masu wucewa gona su gani kamar yadda suka ga dashen. Bai bar wani ya taya shi ba. Itacen yazawa ba shi da tauri, amma ya daɗe a kan kowace, yana sara yana zage-zage, hawaye da gumi sun haɗu ba a rarrabewa. Ƙamshin 'ya'yan da suka fashe a ƙasa ya cika wurin, awaki suka taru. Wani mai fartanya ya zo wucewa, ya rage tafiya, bakinsa ya saba, ya ce sannu da aiki.

Daga nan ya wuce zauren da goro. Ya dafa bango ya tilasta wa gwiwar nan ta lanƙwasu har ya kai ƙasa, ciwon ya harba masa har ƙeya, ya ce ga su nan a filin Baba, a yafe masa. Baba Iliyasu ya karɓi goron ya ce ya yafe duniya da lahira. Game da fili kuwa, ya ce shi ya tsufa, al'amarin gona yana hannun yara.

Ruwan farko ya sauka cikin makon. Da safe Zulkifli yana buɗe rumfa ya ji ana cewa a je a gani. Ya tarar da Sada a tsakiyar filin da shanun huɗa biyu, garma na tsaga ciyawar nan tana juyo ƙasa baƙa mai laushi, ƙasar da juji da kashin shanu da gumin Birazil suka yi. An tuge sandunan raga an jingine su a kan kututturan yazawa. Ya yi kansa zai shiga, mutane suka riƙe shi, suna ba shi haƙuri, suna cewa ai gonarsu ce, mai abu da abinsa. Sada bai ko ɗaga murya ba. Ya ce an bar wurin ne a da don ba ya fitar da komai, yanzu kuwa yana fitarwa, kuma ba zai zauna wani ya sake zuwa ya raya masa gadon ubansa ba.

Haka Birazil ya tashi ba tsuntsu ba tarko. Da ya bar fakon da raminsa da duwatsunsa, da har yau yara na buga ƙwallo a rabinsa. Kulob ya watse, masu ƙafa suka koma bin Gwaram a babur in sun sami na mai, sauran suka koma gidan kallo suna musu a kan ƙwallon wasu ƙasashe. Janildo ya aiko yana tambaya ko bishiyoyin sun ƙara girma, yana son sabon hoto ya nuna wa ubansa. Zulkifli ya sake tura masa tsohon.

Geron da Sada ya shuka a wurin ya yi abin da ba a taɓa gani ba a gabashin gari, zangarniya kamar damtse. Masu sannu da aiki suka riƙa tsayawa a bakin gonar suna yaba hannun Sada a noma. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Bayan girbi, bisa al'adar da gidan Iliyasu bai taɓa saɓawa ba, aka rarraba wa maƙwabta da marasa gona, aka aiko gidan Zulkifli da dami guda, aka ce a gaida shi da ƙafa.

Ya dawo daga tasha ya ga damin a tsakar gida. Ya ce a fitar masa da shi, a mayar, ko a zuba wa kaji, shi ba zai ci ba ko zai mutu. Khairiyya ba ta yi musu ba. A daminar da ta wuce ciniki ya yi ƙasa, buhun gidan ya kai gindi, ga ciki gare ta wata bakwai. Ta bar shi ya gama faɗansa ya fita, ta ba da aka sussuka, ta surfa, ta kai inji.

Da magariba ta ajiye masa tuwo da miyar kuka. Ya san na wane gero ne, ita ma ta san ya sani. Ya zauna yana kallon kwanon har tururin ya ragu, sannan ya wanke hannu ya gutsura. Ya so a ce da tsakuwa a ciki, ko ɗaci, ko wani abin da zai sa ya ture kwanon. Tuwon ya yi daɗi, bai taɓa cin geron da ya kai shi ba, ya cinye tas yana huci.